Wa ya biya mai yabon? Yadda nake auna maki da lambar zinariya kafin in zuba kuɗina

Katan arba'in na ganyen shayi na taɓa sara saboda wata mata ta lumshe ido a TikTok. Shekarata goma sha tara ina sayar da shayi da zuma da ɗan turare a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, sari da ɗai-ɗai, amma ran nan na yi abin da ko yaron shagona ba zai yi ba. Matar tana da mabiya ba iyaka, tana zuba Fulatanci tana sirkawa da Hausa da Faransanci. Ta ɗaga ɗan kofi ta kurɓa, ta rantse tun da uwarta ta haife ta ba ta sha irinsa ba, ta ba shi goma bisa goma. A jikin kwalin kuma ga wani zagayayyen tambari ruwan gwal, an rubuta lambar zinariya da Faransanci. Na kira dillalin a Duwala, na tura kuɗi, kaya suka iso.

Cikin mako biyu masu shayin bakin tasha suka fara dawo mini da shi. Wani dattijo da ya fi shekara goma yana saye a wurina ya ajiye kwalin a kan teburina ya ce, "Alhaji, wannan ganyen naka ba ya kai zubi na biyu. Na farko ɗaci, na biyu ruwan zafi. Ka ba ni irin na da, ko in duba gaba."

A lokacin 'yar ƙanwata tana gida hutu. Tana karatun sarrafa abinci a ENSAI ta Jami'ar Ngaundere, kuma cikin abin da ake koya musu har da yadda ake gwada ɗanɗano. Da ta ji ina ƙorafi da dare sai ta ce, "Kawu, ka dafa ka sha kafin ka saya?" Na ce ina fa, ai yana da lambar zinariya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta fara ba ni labarin masu ɗanɗana giyar inabi a Turai. Na ce, "Ke, a gidan nan za ki kawo mini zancen giya?" Ta ce, "Kawu, ba sha na ce ka yi ba. Ji kawai za ka yi. Babu kayan da aka fi ba maki a duniya kamarta, kuma babu masu ba da makin da aka fi tona wa asiri kamar nata."

Ni ban taɓa kai ta bakina ba, ba na sayar da ita, ba na kuma shawartar kowa. Amma gaskiyar yarinyar ne. Can ana cinikin kwalba ɗaya da kuɗin da zai sayi fili a Rumde Ajiya, shi ya sa masu bincike suka tasa masu ba da makin a gaba shekara da shekaru. Abin da suka gano ya hau kan shayi da zuma da turare da man shafawa daidai wa daida. Ga yadda nake yi yanzu.

Tambayar farko: me ya shiga aljihun mai yabon?

Mu Hausawa mun san maroƙi. In ya tsaya a bakin taro yana cewa kakan wane ya ciyar da gari, babu wanda yake ɗaukar maganar ya kai wa alƙali, domin kowa ya ga lokacin da aka manna masa kuɗi a goshi. Ba yaudara a ciki. Matsalar mai tallan waya ita ce yana aikin maroƙi da fuskar ɗan'uwa mai ba da shawara, kuma a ɗaki aka sallame shi, ba ka gani ba.

Saboda haka kafin in saurari yabon, sai in shiga shafin mutum in koma baya kamar wata uku. Abu ɗaya nake nema: ya taɓa kushe wani kaya? Ya taɓa cewa na sayi wannan da kuɗina, bai yi ba, kada ku saya? In duk abin da ya taɓa hannunsa ya zama na ɗaya a duniya, to harshensa na haya ne. Matar da ta sa ni asara, da na koma na duba, a wata guda ta yabi shayi iri uku, kowanne shi ne wanda ba ta taɓa shan irinsa ba. Da na yi wannan duban na minti goma tun farko, da kuɗina suna nan.

Sai kuma alamun da ba sa ɓuya. In ya ce ka ambaci sunansa a rage maka, ko ya ba da wata lamba da za ka rubuta wajen saye, yana da la'ada a kan kowane ciniki. Dillali ne, kuma dillanci sana'a ce ta halal, sai dai ka san da dillali kake magana. In lambar wayar mai kayan tana manne a kan bidiyon tun daga farko har ƙarshe, talla ce. In mutum huɗu ko biyar sun yabi kaya ɗaya cikin mako ɗaya da kalmomi kusan iri ɗaya, takarda ɗaya aka raba musu.

Kada kuma a ruɗe ka da "wallahi ko dala ba su ba ni ba". Kyautar katan biya ce. Kuɗin mota da masauki biya ne. Wanda aka aika wa kaya kyauta ya san in ya kushe, ba za a sake aikowa ba, kuma sauran masu kaya suna kallo. Ko mutumin kirki ne, baki ya ci, ido ya ji kunya. A Faransa tun dokar 9 ga Yuni 2023 wajibi ne mai irin wannan talla ya rubuta a fili cewa talla ce, a Amurka kuma hukumar kula da ciniki ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta hana saye da sayar da sharhin ƙarya. Mu a nan kai ne ɗan sandan kanka. Dabarar da na fi so ita ce mafi sauƙi: ina sa yaron shagona ya tura wa mai shafin saƙo ya ce muna da sabon kaya, nawa ne a yaba mana? Da yawa cikin awa ɗaya suke turo farashi, na bidiyo daban, na hoto daban. Har yau ban ga wanda ya ce a fara kawo masa ya gwada, in bai yi masa ba ba zai yi ba. In na same shi zan riƙe shi hannu bibbiyu.

Lambar zinariyar da ke jikin kwali

A 2023 wani shirin gidan talabijin na RTBF a Beljiyam ya sayi giyar inabi mafi araha da ya samu a kanti, ta yuro biyu da rabi, wato kamar sefa 1,640. Suka manna wa kwalbar sabuwar takarda mai kyau, suka laƙa mata sunan ƙarya, suka biya yuro 50 kuɗin shiga wata gasa. Ta ci lambar zinariya, har da bayanin yabo. Kafin nan, a 2008, wani marubuci ɗan Amurka, Robin Goldstein, ya ƙirƙiri gidan cin abinci a birnin Milan na Italiya wanda babu shi ko a mafarki. Ya yi masa shafin intanet da lambar waya, ya tsara jerin giyar da wai ake sayarwa, a ciki har da waɗanda mujallar Wine Spectator da kanta ta ba su maki na kunya. Ya biya dalar Amurka 250, mujallar ta ba gidan lambar yabo. Daga baya ta kare kanta cewa ta buga waya ta ji na'urar amsa kira, ta kuma ga sunan gidan a intanet. To, shi ke nan binciken.

Abin lura a nan shi ne yadda kuɗin ke tafiya. Mai shirya gasa daga masu shiga yake ci: kuɗin shiga, sannan sau da yawa kuɗin tambarin da za a manna a kwalba. In ya cika rowar lamba, baɗi ba mai zuwa. Har ƙungiyar inabi ta duniya, OIV, sai da ta sa iyaka cewa gasar da ke ƙarƙashinta kada ta ba fiye da kashi 30 cikin ɗari na kayan da aka kawo lamba. Ka ga ko a inda ake da tsari, kusan ɗaya cikin uku yana komawa gida da abin mannawa.

Don haka in na ga tambari ina neman abu uku a jikinsa: sunan wanda ya bayar, shekarar da aka bayar, da ainihin kayan da aka ba. Tambarin da ke kan shayin da ya karya ni babu ko ɗaya. Zane ne kawai, wanda kowane mai buga katin biki a Yelwa zai yi maka. In akwai suna, sai in sa a duba a intanet ko sunan kayan yana cikin jerin shekarar. Shekara tana da muhimmanci ƙwarai ga kayan gona. Ganyen da ya ci lamba shekara shida da suka wuce an shanye shi tuntuni, wanda ke cikin kwalin yau daga wata gona ne, wata damina.

Akwai tambarin da za ka riƙa gani a jikin ruwan roba da lemo da biskit, na Monde Selection, wata cibiya a Burasel da aka kafa a 1961. Wannan na gaske ne, ana iya bincikawa. Amma ka fahimci ma'anarsa: kamfani ne ke aika kayansa ya biya kuɗin dubawa, a auna shi shi kaɗai, in ya kai wani maki a ba shi tagulla ko azurfa ko zinariya. Ba a jera shi da na abokan hamayyarsa aka ce ya fi su ba. Kaya ɗari za su iya cin zinariya a shekara ɗaya. Wanda ba shi da tambarin kuma wataƙila bai aika ba ne kawai.

Wannan daban yake da shaidar asali. Farar zumar Oku da barkonon Penja, duka na nan Kamaru, sun samu rajistar asali a 2013 daga OAPI, hukumar Afirka mai rajistar haƙƙin mallakar suna da fasaha da ke Yawunde. Irin wannan shaida tana cewa kayan daga wuri kaza ya fito, kuma ta hanya kaza aka yi shi. Tambarin ANOR, hukumar kula da ingancin kaya ta Kamaru, shi ma maganar cika ƙa'ida yake yi. Waɗannan ina ba su nauyi, amma ko su ba su ce zai yi wa harshenka daɗi ba.

Shi kansa makin

Wani lauya ɗan jihar Maryland a Amurka, Robert Parker, shi ya yaɗa ba da maki bisa ɗari tun da ya fara fitar da 'yar mujallarsa a 1978. A yi masa adalci, ya ƙi karɓar talla a cikinta, da kuɗin masu karatu take tafiya, kuma abin da ya sa aka yarda da shi ke nan. Ya yi ƙarfin da in ya ba kwalba maki mai yawa farashinta sai ya tashi. Amma sikelin nasa daga 50 yake farawa. Wato kaya yana da hamsin tun bai buɗe baki ba. Ƙasa da 80 kuwa da wuya ka ga mai kanti ya rubuta a allo. Sai ya zama duk kokawar tsakanin 85 da 100 ake yinta, kuma 90 ta zama katanga: mai 89 yana kwana a kanti, mai 91 ana layi a kansa.

To wannan tazarar ta maki biyu, akwai ta kuwa? Wani malamin jami'a mai ritaya a Kalifoniya, Robert Hodgson, yana da 'yar masana'antar giyarsa, ya lura kayansa suna cin zinariya a wannan gasa su tashi a tutar babu a waccan. Sai ya nemi izinin masu babbar gasar jihar, daga 2005 aka riƙa ba alƙalai kofi uku daga kwalba ɗaya, a ɓoye cikin sauran kofuna, ba su sani ba. Kusan alƙali ɗaya cikin goma ne kawai ya iya ba kofunan uku makin da ya yi kusa da juna. Sauran sai ka ga abu ɗaya ya ci maki mai kyau yanzu, bayan 'yan mintuna ya faɗo. Kuma waɗannan ba wanda ya ba su cin hanci. Harshe ne kawai ba sikeli ba. Abin da ka ɗanɗana kafin wannan, gajiya, yunwa, mura, duk suna shiga lissafi.

Darasin da na ɗauka: maki yana iya raba mai kyau da marar kyau, ba ya iya raba mai kyau da mai kyau. In an ce wannan tara ne wancan huɗu, zan saurara. In an ce wannan tara ne wancan takwas da rabi don haka a ƙara mini jaka biyu a katan, sai in ce a kawo buta.

A shayinmu ma akwai irin wannan ruɗin. Lambobin da ke jikin kwalin koren shayin Sin, 41022 da 4011 da 9371 da 3505, lambobin nau'i ne da girman ganye, ba makin jarrabawa ba. Amma jerin harafin A da ake ƙarawa a baya, wani uku wani biyar, mai ƙunsa kayan ne yake rubuta abinsa. Na sha buɗe mai A biyar in tarar rabinsa gari da kara.

Taurari da sharhin jama'a

Wani zai ce to a bar masana, a bi jama'a, mutum ɗari biyar ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tasha ya ga ta kusa cika, ya biya, sannan ya ga "fasinjoji" suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ya san amsar wannan. A 2017 wani matashi a Landan, Oobah Butler, wanda a da ake biyansa fam 10 ya rubuta wa gidajen abinci yabon ƙarya, ya sa rumfar bayan gidansa a TripAdvisor, shafin da jama'a ke ba gidajen abinci taurari da sharhi, a matsayin gidan cin abinci. Abokansa suka yi ta zuba yabo. Cikin 'yan watanni rumfar ta zama ta ɗaya a duk Landan, ba ta taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba.

Malamanmu suna da sunan wannan tun da daɗewa, najashu: mutum ya tsaya yana zuga kaya yana ƙara farashi alhali ba saye zai yi ba, don wani ya ruɗu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Wayar hannu ta sauya masa riga ne kawai.

Ina tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, in karanta na tsakiya, domin wanda aka saya ba ya ba da uku, maƙiyi ma ba ya ba da uku. Ina duba kwanan wata, in yabo talatin ya sauka cikin kwana biyu sannan shiru, an yi sari ne. Ina kuma neman sharhin da ya ambaci abin da sai wanda ya yi amfani da kayan zai sani, kamar murfin yana yoyo, ko ƙamshin ya gudu bayan wanki ɗaya.

Gwajin rufe ido

Nan ne ainihin aikin, kuma ba ya cin kuɗi.

Dalilin rufewar sai da yarinyar nan ta nanata mini. A 2001 a Bordo ta Faransa, wani mai bincike, Frédéric Brochet, ya zuba wa farar giya launi marar wari ta koma ja, ya ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 a Kalifoniya aka ba mutane abu ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce na dalar Amurka 10 ne, sau ɗaya na 90, suka ce na 90 ya fi daɗi, kuma na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna da gaske sun fi jin daɗin. Ba ƙarya suka yi ba, ido da kunne ne suka riga harshe. Tun a 1976 ma a Paris, da aka rufe kwalabe aka ba manyan masanan Faransa tara, sai suka ɗora na Kalifoniya a kan nasu, fari da ja, har ɗaya daga cikinsu ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Ga yadda muke yi a shagona. A ce ina son sanin ko sabon ganye ya kai wanda na saba. Ina auna su daidai a kan ƙaramin sikeli, ba da hannu ba. Ruwa ɗaya, buta iri ɗaya, wuta ɗaya, minti ɗaya, sukari daidai, ko ma a fara babu sukari, don sukari yana rufa wa mugun ganye asiri. Kofuna su zama iri ɗaya. Wanda ya dafa ya zuba a bayan labule, ya sa alama a ƙarƙashin kofi, ya rubuta a takarda ya ninke. Wani daban, wanda bai ga zubin ba, shi zai ɗauko tire. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in wanda ya sani ne ya miƙa, fuskarsa za ta faɗa.

Kowane mai ɗanɗano a ba shi kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya nuna bare. Ba a tambaye shi wanne ya fi daɗi ba tukuna. A riƙa sauya jeri, wani bare ya zo farko, wani a tsakiya, wani kuma sabon ganyen ne biyu tsohon ɗaya. A kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Kowa ya faɗa wa mai rubutu a kunne, domin in babba ya yi magana a fili, yara sun gama zaɓe.

Sai lissafi. Ko wanda ba shi da harshe zai dace sau ɗaya cikin uku da ƙiyasi. Don haka in mutum 12 ne, huɗu su dace ba komai ba ne. Sai 8 sun gane kafin ka ce da bambanci na gaske. In mutum 6 ne, sai 5. In ba a kai nan ba, a bakin mutanenka kayan biyu ɗaya ne, ka sayi mai arahar ka huta. In an kai, sannan ka tambayi waɗanda suka gane wanne suka fi so. Ga shayi ina maimaita gwajin a zubi na biyu da na uku, tun da nan ne mai shayi yake cin ribarsa, kuma nan ne na faɗi.

Zuma haka nake yi mata, a ɗan cokali, amma ina sa a rufe ido da rawani saboda kala tana tona ta. A nan in yi wata 'yar karkata: gwajin ashana da na ɗiga ta a ruwa da mutane ke yi a kasuwa ba sa kama gwanin haɗi, kuma daskarewa ba shaidar an zuba sukari ba ce, zuma ta gaskiya tana daskarewa, ta Oku ma haka take fara mai kauri. Harshe zai gaya maka wadda ta fi daɗi. Ko an yi mata haɗi kuwa, wannan aikin ɗakin gwaji ne, ko sanin mutumin da ya ɗebo ta. Ni zumata daga wajen Ngaundal take zuwa, hannun mutum ɗaya shekara tara, ya fi mini kowane tambari.

Turare kuma kada a wuce uku a zama ɗaya, hanci yana toshewa. Ina ɗiga kowanne a kan ƙyalle fari, a sa alama a baya, a rataye. A shinshina yanzu, a shinshina bayan la'asar, a shinshina gobe da safe. Mai tallan waya ƙamshin minti na farko yake nuna maka, mai saye kuwa na gobe da safe yake biya.

Harshen wa kake bi?

Ko an samu mai sharhi mai tsoron Allah, wanda ya saya da kuɗinsa ya kuma rufe ido, harshensa nasa ne. An daɗe ana cewa Parker ya fi son mai kauri mai ƙarfi, har wasu masu yi suka karkata kayansu wajen abin da zai so. Wanda ba ya son irin wannan, makin Parker ba zai amfane shi ba. Ni ma abokan cinikina ba bakinsu ɗaya ba. Direbobin da ke hawa Kuseri su tsallaka Injamena suna son ganye mai ɗaci wanda zai tsaya wa sukari. Matan da ke saye don gida suna son mai laushi da zai karɓi kanumfari da citta. Goma bisa goman wannan shi ne biyar ɗin wancan.

Saboda haka in zan fara bin wani mai sharhi, sai in nemi abin da ya ce a kan kayan da na riga na sani sarai. In ya yabi abin da na san ba shi da kyau, mun rabu. In ra'ayinmu ya zo ɗaya sau uku ko huɗu, zan bari ya nuna mini abin da zan gwada. Gwadawa fa, kwali ɗaya ko biyu. Dillalin da ya ƙi sayar mini da kwali biyu sai katan ashirin ya riga ya gaya mini abin da yake tsoro. Masu ɗanɗanon nawa kuma ba abokan hirata ba ne, masu shayin da za su saya nake kira, in ba su kuɗin moto.

Katan arba'in ɗin nan sai da na karya farashi ƙasa da uwar kuɗi, na kuma gaya wa duk mai saye cewa zubi ɗaya yake yi. Wata bakwai kafin su ƙare.

Kafin yarinyar ta koma makaranta ta ce saura ni. Akwai wani ganye mai tsada da nake kai wa gida shekara da shekaru, wanda nake cewa ko cikin barci aka ba ni zan gane shi. Ta jera mini kofi uku sau shida, shi da wani na tsaka-tsaki da nake sayar wa masu tebur. Sau biyu na dace. Na ce ruwan ne bai tafasa ba, ta ce, "To Kawu, a sake?" Na ce a bari sai wani hutun.

Tun daga nan na tsaka-tsakin nake kai wa gida. Uwargida ta ga kwalin ta ce ita ba za ta sha wannan ba, kanta yake sa wa ciwo. Yanzu a shago nake juye shi cikin tsohon gwangwanin mai tsadar kafin in tafi da shi. Wata na biyar ke nan, kai bai yi ciwo ba, jiya ma ta ce wannan zuwan ya fi na baya ƙamshi.